Yadda Jirgin Ƙasa Ya Haifi Garin Kafanchan: Tambayoyi da Amsoshi

A Kafanchan aka yanke mini cibiya. Kakana leburan reluwe ne, mahaifina kuma a loko, wato wurin gyaran injin jirgi, ya yi aiki har ya ajiye. Yau ina zaune a cikin garin Kaduna, kuma na lura yawancin matasan da muke hira da su ba su san wani jirgin ƙasa ba sai wanda ke tashi daga Rigasa zuwa Abuja. In na ce musu garinmu jirgi ne ya haife shi, sai tambayoyi su yi ta zuwa. Waɗanda aka fi yi mini ne na tara a nan, na amsa su da abin da tarihi ya tabbatar da kuma abin da na gani ko na ji a gidanmu.

Kafin zuwan jirgi, daji ne wurin?

A'a. Sau da yawa za ka ji ana cewa da can ba kowa a wurin, kuma wannan magana tana ɓata wa masu ƙasar rai, da gaskiyarsu. Ƙasar ta mutanen Fantswam ce, kuma daga sunansu aka samo Kafanchan bayan ya bi ta bakin Bahaushe. Suna zaune a ƙauyukansu suna noman acca da dauro da gwaza da doya, suna farauta. Kewaye da su akwai Kaninkon, da Bajju waɗanda muka taso muna ce wa Kaje, da Kagoro a gindin dutsensu, da Kagoma da Jaba ta wajen yamma. Yankin ma tsohon mazauni ne ƙwarai, don ƙauyen Nok, inda masu haƙar kuza suka tono mutum-mutumin yumɓu a 1928, yana ƙasar Jaba, ba nisa da mu.

Birni ne dai babu. Mulki yana Jama'a, masarautar da Malam Usman ya kafa wajen 1810 a ƙarƙashin Zazzau. Ciniki kuma yana bin hanyar fatake da jakunansu, su yada zango a wurare irin su Zangon Katab. Kafanchan ba ta cikin lissafin masu sarauta, ba ta cikin na fatake.

To me ya sa Turawa suka zaɓi nan?

Mahaɗa suke nema, kuma abu biyu ne suka ja su: kwal da kuza.

Babban layin farko na Arewa, wanda ya taso daga Baro a bakin kogin Neja, ya ratsa Kaduna da Zariya ya isa Kano a 1911. Don kwaso kuzar Jos, aka ja wani siririn layi daga Zariya mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, ya kai Bukuru a 1914. Cikas ɗinsa shi ne taragansa ba sa hawa babban layi mai ƙafa 3 da inci 6, saboda haka duk buhun kuza sai an sauke shi a Zariya an sake lodi, sannan ya kama doguwar hanyar Legas. Can kudu kuma an gano kwal a Udi kusa da Inugu a 1909, aka gina tashar jiragen ruwa a Fatakwal, layin dogo ya haɗa su a 1916. Shi wannan layin gabas aka ci gaba da ja zuwa arewa, ta Makurɗi da Lafiya, don ya haɗu da na Legas a Kaduna. Kwal ya hau, kuza ta sauka ta hanyar da ta fi kusa da teku.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kagoro ya ɗaga kai ya san jirgi ba zai hau tudun Jos ta ko'ina ba. Sai an sami fili a ƙasa inda reshe zai rabu, ya bi ta Kagoro da Manchok yana hawa sannu sannu har Kuru da Bukuru. Filin da ya dace ya faɗo a ƙasar Fantswam. A 1927 aka buɗe reshen Jos, mai tsawon kimanin kilomita 100, Kafanchan ta zama inda hanyoyi uku suka haɗu: ta Kaduna, ta Jos, ta Fatakwal. Gadar Makurɗi ba ta kammala ba sai 1932. Kafin nan da jirgin fito ake tsallakar da taragai a kogin Binuwai. Siririn layin Zariya kuwa ya ci gaba da lallaɓawa har aka rufe shi a 1957.

Mahaɗa kawai ta isa ta mai da ƙauye gari?

A zamanin jirgin kwal, ta isa. Kan jirgi da wuta da ruwa yake tafiya, ba ya yin nisa sai ya tsaya an cika masa tanki an ƙara masa kwal an kwashe toka. Inda layuka suka haɗu kuwa aikin ninkawa yake. Dole a yi loko inda za a duba injin a gyara, a yi ma'ajiyar kwal da babban tankin ruwa, a yi fili mai layuka da yawa inda za a kwance taragai a sake jera su, na Jos daban, na Kaduna daban. Direba da mai zuba kwal a nan suke sauka wasu su karɓa. Ga masu juya layi, ga masu ɗaga tuta, ga masu buga waya, ga akawu mai yanka tikiti, ga leburorin da ke bin layi suna ɗaure kusoshi.

Kowannensu yana da iyali, kuma kowannensu yana karɓar albashi a ƙarshen wata. Wannan albashin shi ne asalin garin. Inda ake damƙa wa ɗaruruwan mutane kuɗi a hannu wata bayan wata, ba sai an yi shela ba: mahauci zai zo, tela zai zo, mai tuwo za ta kafa tukunya, ɗan koli zai baza kayansa, wanzami zai rataya zabira. Har yau Kafanchan ce hedikwatar shiyyar Arewa ta Tsakiya ta Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya.

Su wa suka shimfiɗa layin?

Talakawa, da diga da shebur da kwando. Injiniyoyi Turawa ne suka auna, amma yankan dutse da cike kwari da ɗaukar ƙarfe a kafaɗa, duk 'ya'yan talakawa ne. Yawancinsu ba da son ransu suka je ba. Bature zai yanka wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimai su raba wa dagatai, dagaci ya shiga gida gida. Ana biyansu 'yan kuɗi, kuma da waɗannan kuɗin ake biyan haraji, don Bature ba ya son wuri, sai tsabar kuɗinsa. Ta wannan hanya sule da kwabo suka kori wuri daga kasuwanninmu. Abin ya shiga jikin mutane har "diga" ta zama sunan aikin gaba ɗaya, kuma Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ya yi waƙa sukutum a kan aikin layin farko, wadda aka sani da Waƙar Diga.

Kakana yana saurayi aka ɗebo shi daga wani ƙauye a ƙasar Zazzau lokacin da ake jan layi tsakanin Kaduna da Kafanchan. Ina yaro nakan ga wani tabo mai kauri a kafaɗarsa ta dama, baƙi ƙirin kamar fatar ganga. Wata rana na taɓa na ce, "Kaka, wuta ce ta ƙone ka?" Ya ce, "Dogo ne, ɗan nan. Mu goma sha wani abu muke ɗaukar guda, in ɗaya ya yi tuntuɓe duk mu sha." Da aka gama aikin abokansa suka koma gida. Shi ya tsaya, aka ɗauke shi cikin masu gyaran layi, ya yi aure a nan, a nan aka binne shi.

Su wa suka fara cika garin?

Kowa da kowa, kuma cikin ɗan lokaci. Aikin da ke buƙatar karatun boko, irin su akawu da mai buga waya da direba da fita, wato makanikin injin, yawanci Ibo da Yarbawa da sauran mutanen kudu suka riƙe shi, domin makarantun mishan sun riga isa wajensu da shekaru masu yawa. Hausawa suka zo da fawa da ƙira da koli da dillanci da allo. Tibi da Idoma suka biyo layi daga Binuwai. Fulani suna kewaye da shanunsu, matansu na shigowa da nono kowace safiya. 'Yan ƙasa kuma, Fantswam da Kaninkon da Bajju da Kagoro, su ke kawo hatsi da itace da doya, suna shiga leburanci, daga baya 'ya'yansu suka yi karatu suka hau manyan kujeru a reluwe ɗin.

Abin da ya ɗinke wannan taro shi ne Hausa. Mutumin Inugu da mutumin Kagoro in sun haɗu a kasuwa da ita suke ciniki, a coci ma da ita ake wa'azi da waƙa. Na taso da yaran Ibo da in suna magana a bayan katanga ba za ka ce ba Hausawa ba ne. Hausarmu tana da nata ɗanɗano, Bakano yakan yi mana dariya wai ba mu bambanta namiji da mace a magana, amma ita ce ta raini garin.

Yaya aka yi fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan?

Kasuwa da ofisoshin Turawa da jama'a duk sun tattaru a bakin tasha, tsohuwar hedikwata ta zama gefe. A 1933 Sarkin Jama'a Muhammadu ya taso da fadarsa zuwa Kafanchan. Ga Bature wannan sauƙin mulki ne: sarki, alkali, baitulmali da jirgi duk a wuri guda. Ga Fantswam kuwa, sun wayi gari fadar da suka daɗe suna ja da ita tana zaune a tsakiyar gonakinsu. Mutanen Jama'a na ganin garin a hannunsu ya girma, Fantswam na ganin ƙasar ta kakanninsu ce, kuma kowane ɓangare yana da hujjar da zai kafa. Bature ya tafi a 1960 bai warware wannan ƙulli ba. Sai a 2001, zamanin Gwamna Ahmed Maƙarfi, Fantswam suka sami masarautarsu.

Wane irin kaya jirgin ke ɗauka?

Kuza daga Jos zuwa Fatakwal, kwal daga Inugu zuwa arewa, su ne ginshiƙi. Lokacin yaƙin duniya na biyu, da Japan ta kama Malaya, inda Ingila ke samun kuza, a 1942, Ingila ta matsu da kuzar Najeriya har aka riƙa tilasta wa dubban mutane zuwa haƙa a Jos, zirga-zirga ta ƙaru sosai. Bayan an ja layi daga Kuru ta Bauchi da Gombe ya isa Maiduguri a 1964, gyaɗa da auduga da fatu da shanun Borno su ma suka riƙa biyowa ta ƙofarmu. Daga kudu kuma manja da gishiri da kananzir da atamfa da siminti da kwanon rufi ke hawowa.

Amma kayan da ya fi taɓa aljihun manomin yankin shi ne citta. Ƙasar Jaba da Kachiya da Kagarko da Jama'a ita ce cibiyar noman citta a Najeriya, kuma tashinta ya zo daidai da zuwan jirgi. Dalilin a fili yake. Citta in an fere ta an shanya ta bushe, ba ta lalacewa da wuri, kuma kuɗinta na da kauri a kan nauyinta, sai dai ba a cin ta da yawa a gida, mai saye yana ƙetaren teku. In babu hanyar kai ta bakin ruwa, noman banza ne. Jirgi ya ba ta hanya. Da kuɗin citta aka yi wa ɗakuna da yawa rufin kwano, aka biya wa yara da yawa kuɗin makaranta. Da rani in ka bi ta wajen rumbunan tasha, ƙamshinta ne zai fara shiga hancinka har ka yi atishawa. Shi ya sa cutar da ta cinye gonakin citta a daminar 2023 ta girgiza yankin haka.

Yaya rayuwar tasha take a lokacin da jirgi ke aiki?

Jirgi ne agogon garin. Ba a cewa ƙarfe kaza, sai a ce kafin na Jos ya shigo, ko bayan na Fatakwal ya wuce. Innarmu tana dafa shinkafa da wake tana ƙullawa a ganye, ni kuma nake ɗaukar tire. Tana cikin kwasa, da ta ji kukan jirgi daga nesa sai ta ce, "Tashi maza, ɗan albarka, ga shi can ya yi kuka, kada 'yan rake su riga ka taga." Mu fita da gudu, ni da masu ƙosai da masu dafaffen ƙwai da lemo da ayaba da gasasshiyar masara, da 'yan matan Fulani da ƙwaryar fura. Kowace taga hannuwa ne a miƙe. Ana ciniki da Hausa da Ibo da guntun Turanci, wani lokaci da yatsu kawai.

Da yake a nan ake canjin jirgi, fasinja kan yi awoyi yana jira, wani ya kwana a kan tabarma a dandamali. Mai zuwa Maiduguri daga Abba, soja mai komawa bariki a Kaduna, ɗalibi mai zuwa Zariya, mahajjacin ƙasa, amarya da kayan ɗakinta, duk a wuri guda. Akwai wani dattijo da aikinsa shi ne bin taragai da doguwar guduma yana ƙwanƙwasa ƙafafun jirgi ɗaya bayan ɗaya, yana karkata kunne. Na tambayi mahaifina, ya ce lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa muryarsa a dushe take. Rayukan mutum ɗari bakwai ko fiye suna rataye a kunnen tsohon nan, kuma ban taɓa ganin ya tsallake ƙafa ɗaya ba.

Wata rana jirgi ya fara motsi wata mata ba ta biya ni ba. Na bi shi da gudu ina kuka har ƙarshen dandamali. Sai ga sule biyu ƙulle a gefen tsumma sun faɗo ta taga, tana ɗaga mini hannu. Kuɗin shinkafar sule ɗaya ne.

Mukan kuma ɗora ƙusa a kan dogo jirgi ya take ta ta zama 'yar wuƙa. In Baba ya kama mu, ranar sai bulala, don ya ga abin da jirgi ke yi wa wanda ya yi wasa da shi.

Jirgin ya shafi addini da karatu?

Sosai. 'Yan mishan na SIM (Sudan Interior Mission) sun riga jirgi zuwa yankin, tun 1910 suna Kwoi, amma layin dogo ya sauƙaƙa musu shiga, kuma ma'aikatan da suka zo daga kudu sun zo da cocinsu na Katolika da Angilika da makarantunsu. Malaman allo da na ilimi su ma jirgi ya kawo su daga Zariya da Kano, da littattafansu. Garin da ya fara da rumfunan leburori ya zama mazaunin bishop na Angilika a 1990, na Katolika a 1995, kuma yau akwai reshen Jami'ar Jihar Kaduna a cikinsa.

An ce 'yan reluwe ne suka fara wayar da kan mutane a siyasa. Haka ne?

Akwai gaskiya a ciki. Jaridun Legas a jirgi suke zuwa, akawun tasha ne ke fara karantawa ya ba da labari a mai shayi. Ƙungiyar ma'aikatan reluwe, wadda Michael Imoudu ya jagoranta, ita ce ƙashin bayan babban yajin aikin 1945, wanda aka fara a watan Yuni aka shafe sama da kwana 40 ana yi saboda tsadar rayuwa da yaƙin duniya ya jawo. A gari irin namu, inda kowa daga jirgi yake ci, ranar da jirgi ya tsaya kowa ya gane cewa lebura ma yana da ƙarfi a hannunsa.

Me ya faru a 1966?

Shekara ce mai nauyi. Bayan juyin mulkin Janairu da na Yuli, aka yi kashe-kashen Ibo a garuruwan Arewa, waɗanda suka tsira suka kama hanyar gida. Layin gabas ta Kafanchan ya bi, saboda haka jiragen da ke ɗauke da masu gudu daga Kano da Zariya da Kaduna da Jos ta tasharmu suka wuce, cike maƙil. Ma'aikatan reluwe na garin su ma suka bi, kwatas ta yi shiru, loko ta rasa ƙwararrunta a 'yan kwanaki.

Wanda ya koya wa mahaifina aiki, wani fita Ibo, ya ƙwanƙwasa ƙofarmu da dare. Ya miƙa masa makulli ya ce, "Ɗan'uwa, ga ɗakina. In na dawo, to. In ban dawo ba, keken ɗinkin matata na iyalinka ne." Baba ya ce, "Maigida, za ka dawo ka same shi in Allah ya yarda." Ya rako shi har cikin tarago. Yaƙi ya ɓarke a 1967, layin ya yanke, ba a ƙare ba sai Janairun 1970. Bayan yaƙi mutumin ya dawo, ya rame, yaransa biyu ba su dawo tare da shi ba. Keken yana nan a ɗakin Inna, a lulluɓe da zane, tana shafa masa mai duk wata ba ta taɓa ɗinki da shi ba.

Shin jirgin ne ya jawo rikice-rikicen da aka san garin da su?

Wannan ita ce tambayar da ta fi yi mini zafi. Rikicin Maris 1987 a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya fara, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. A 1999 an yi wani a kan naɗin sabon Sarkin Jama'a. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, aka yi wanda ya cinye kasuwar garin da rayuka masu yawa. Na rasa mutanen da na sani ta kowane ɓangare.

A ganina, jirgi ya tara mutane ya ba su abin yi tare, amma tambayar garin na wane ne Bature ya bar ta a buɗe, mu ma muka gaje ta ba mu zauna mun rufe ba. Muddin loko na aiki, Musulmi da Kirista suna ƙarƙashin injin guda, mai ɗaya ne ke ɓata musu riga, ranar albashi layi ɗaya suke bi, kuma wanda kuka ɗaga ƙarfe tare da wuya a zuga ka a kansa. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, ana saɓawa a da ma, amma da safe dole a haɗu a wurin aiki. Da aikin ya tafi, abin da ya rage a yi takara a kai shi ne rumfar kasuwa da fili da sarauta da kujerar ƙaramar hukuma, ga matasa zaune ba sana'a. Unguwannin da a da suke cakuɗe suka rabu, kowa ya koma cikin nasa. Ban ce mutuwar reluwe ita kaɗai ta kawo wannan ba, amma duk wanda ya san garin kafin da bayan ya ga yadda abu biyun suka tafi kafaɗa da kafaɗa.

Me ya kashe jirgin?

Ciwo ne da ya daɗe yana ci. A 1964 jiragen ƙasar Najeriya sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Zuwa 1974 fasinja sun koma miliyan 4 da 'yan kai, kaya kuma tan miliyan 1 da ɗoriya. Kuɗin man fetur ya shigo, gwamnati ta karkata ga titunan mota, tirela ta ƙwace lodi domin ita har ƙofar shago take kaiwa. Gyaɗa ta ja baya bayan fari da cutar da suka same ta a shekarun 1970. Haƙar kuza ta yi sanyi, farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985. Injin dizal, wanda ya fara shigowa tun shekarun 1950, ba ya son kwal kuma ba ya tsayawa shan ruwa, saboda haka ya rage hannun da ake buƙata a mahaɗa irin tamu. Layin kansa yana nan yadda Bature ya bar shi, siriri mai yawan kwana, ba a sabunta shi ba.

An yi ƙoƙarin ceto. An kawo kamfanin RITES na Indiya ya riƙe hukumar daga 1979 zuwa 1982, abubuwa suka ɗan farfaɗo, lokacin ne ma nake tallar shinkafa. A 1995 gwamnatin Abacha ta ba kamfanin CCECC na Sin kwangilar gyara. Kowane yunƙuri yakan ɗaga mara lafiyan ya zauna, sannan ya koma ya kwanta.

Akwai wasu garuruwan da jirgi ya yi wa haka?

Ga Zonkwa nan kusa. Layin ya bi ta cikinta ya bar Zangon Katab, tsohon masaukin fatake, a gefe, yau Zonkwa ce hedikwatar ƙaramar hukumar da ke ɗauke da sunan Zango. Kaduna kanta jirgi da kogi ne suka sa Gwamna Lugga ya zaɓe ta, aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Baro kuwa, inda komai ya fara, ta koma ƙauye tun da gadar Jebba ta ba jirgi hanya kai tsaye zuwa Legas. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. A Rigasa ma, wanda ya san farashin fili kafin a buɗe tasha a 2016 ya san abin da ya zama yanzu.

Jirgin Abuja zuwa Kaduna yana bi ta Kafanchan?

Ba ya bi. Daga Idu yake tashi ta Kubwa da Jere da Rijana zuwa Rigasa, kimanin kilomita 186, kuma faɗin layinsa milimita 1,435 ne, namu kuwa 1,067. Jirgin wannan ba ya hawa layin wancan.

Akwai alamar zai dawo?

A Maris 2021 Shugaba Buhari ya ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, wanda dole ta Kafanchan zai bi, kuma an maido da jirgi tsakanin Fatakwal da Abba a 2024. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya kuma ba jihohi ikon yin nasu layin dogo. Sai dai ɓarayi na kwance ƙarfen layin suna lodawa a tirela suna kai wa masu narkarwa, kuma kowane ƙarfe da aka sace yana ƙara nisan ranar dawowar. Ina son ya dawo da zuciya ɗaya, musamman don citta da hatsi da shanu da yanzu ke cin kuɗin mota mai yawa a kan titunan da suka farfashe. Amma ba na yaudarar kaina cewa jirgin zamani zai ɗauki ma'aikata irin na zamanin kwal.

In na je yau, me zan gani?

Daga Kaduna mota za ka shiga ta Kachiya. Tashar na nan, da layukanta da yawa da ciyawa ta rufe wasu, da tsofaffin taragai da suka yi tsatsa, da gidajen kwatas masu faffaɗar baranda. In ka sami lokaci ka ƙarasa Matsirga ka ga ruwan da ke zubowa daga dutse, ka kuma je Kagoro, musamman ranar 1 ga Janairu da ake bikin Afan.

Da yamma tsofaffin ma'aikata kan zauna a inuwa kusa da tasha. Ka yi musu sallama ka zauna, za su lissafa maka tashoshin da ke tsakanin nan da Makurɗi a jere ba tuntuɓe. Zuwana na ƙarshe na tarar da wani abokin aikin mahaifina a cikinsu, idonsa ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi sunan Baba. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, ya ce, "Kai ne mai tiren shinkafa?" Na ce, "Ni ne, Baba." Ya juya fuskarsa wajen layin kudu ya ce, "Da yanzu na Fatakwal ya baro Jagindi."